Wa Baba Ke Yi wa Wanka?

Irmtraud ta haura tamanin, amma har yau in ta shiga falon yayanta Eckehard, kujerar da ta ba wa bango baya take zaɓa. Ba don komai ba sai don wani ɗan hoto da ke rataye a bangon, wanda bai kai tafin hannu ba. Mahaifinsu ne, hafsan soja, ya zo hutu daga fagen yaƙin duniya na biyu, ya ɗaura ƙyallen girkin Mama a kan kakinsa, ya durƙusa a kicin yana yi wa jariri wanka a baho, baki har kunne.

"Ni ne nan," in ji Eckehard ga duk baƙon da tsautsayi ya kawo. Tun suna yara yake mata gori da shi: shi Baba ya yi masa wanka, ita kuwa ko ganinta bai yi ba ya mutu a Rasha. Mama kuma har ta rasu ba a yi zancen yaƙi a gabanta ba, balle a tambaye ta. Abin yana ci wa Irmtraud rai ƙwarai, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

Ranar Lahadin nan murnar zagayowar haihuwar Eckehard ake yi. Matarsa Hannelore ta gasa kek na tuffa, ta dafa kofi, sannan ta fito da kyautarta. Ashe ta saci hoton ta kai an faɗaɗa shi, ya koma kamar faranti, an sa masa gilashi.

Zo ka ga tsoho! Ya maƙala tabarau, ya kusa cusa hanci cikin gilashin.

"Kai, kai, kai! Har kumfar sabulu ta fito! Traudel ƙanwata, juyo mana, hoto ba ya cizo."

"Na gan ka tsirara sau dubu, Ecki, ya ishe ni."

"A'a, dubi wuyan Baba! Da can na ɗauka maɓalli ne, ashe lambar yabon ce, gicciyen nan da ake ratayawa."

Ita fa Irmtraud ba ta ƙaunar ƙarfen nan ko kaɗan. Ta san wane yaƙi ne, ta san waɗanda suka ba da shi, ta kuma san abin da aka yi wa garuruwan mutane. Shi ma Eckehard ya sani, amma mutum ne da in ya san abu, sai ya faɗa ko a jana'iza.

"Ba kowa ake ba wa ba," ya ci gaba, bakinsa cike da kek. "Shi ma sai hunturun shekarar arba'in da uku aka rataya masa."

Irmtraud ta ajiye kofinta a hankali.

"Hunturun nawa ka ce?"

"Arba'in da uku. Kunnen ma ya tafi ne?"

"Kai kuma a arba'in aka haife ka."

"To, sai me?"

"Sai me? Ɗan shekara uku ne wannan? Kansa ko tsayuwa bai fara yi ba!"

Hannelore ce ta fara fashewa da dariya, har da buga tebur. "Wayyo cikina! Ecki, ashe shekara da shekaru ƙanwarka kake nuna wa baƙi tsirara!"

Eckehard ya cire tabarau ya goge, ya mayar, kamar laifinsu ne. "Ai ni... ban girma da wuri ba."

"Rufe mana baki," in ji matarsa. "A kakar arba'in da uku wa aka haifa a gidanku?"

Irmtraud ba ta ji amsar ba, don ta riga ta juya kujerarta. Ta jawo hoton kan cinya. Ga ƙaton hannu a ƙarƙashin ɗan kan nan mai sanƙo, babban yatsa ya tare kunne kada ruwa ya shiga. Ga gaban kakin ya jiƙe sharkaf. Mutumin ko kallon mai ɗaukar hoto ba ya yi, ita yake kallo. Daɗi ya cika ta, tana dariya hawaye na zuba a kan gilashin.

"Za ki ɓata min kyauta," Eckehard ya yi gunaguni, yana jan hanci shi ma. Can sai ya tura mata yankan kek ɗinsa, abin da bai taɓa yi ba a tarihi. "Ɗauki abinki ki tafi da shi. Da ma na sha mamakin yadda aka yi nake da muni haka."

Ta sa gefen rigarta ta share gilashin.

"Ecki," ta ce, "ashe ya gan ni."