Matar da Ke Gidan Jatau

Kwana tara Jatau masunci ya yi a asibiti a Maraɗi, bayan moto ta kayar da shi a hanyar Ɗan Issa kansa ya bugu. Da aka sallamo shi, matarsa Inde ta ɗauka an tsallake. Hannunsa bai manta komai ba. Yakan zauna a gindin itacen bedi yana gyaran komarsa ta kamun kifi kamar yadda ya saba shekara talatin, yana lissafa sunayen kifayen tafkin Madarumfa ɗaya bayan ɗaya. Ya gane wansa Tsoho, ya gane maƙwabta.

Rana ta uku ta kawo masa fura. Ya ɗaga kai ya dube ta tun daga goshi har ƙafa, bai karɓa ba.

"Baiwar Allah, ina Inde?"

Ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Shi bai yi ba.

"Maigida, ni ce fa."

"Kin yi kama da ita, har tabon da ke haɓarta. Amma ba ita ba ce."

Daga ranar ya daina cin abin da ta dafa. In ta gifta tsakar gida, idonsa na biye da ita. Abin da ya fi ɗaure mata kai, in ta yi magana daga bayan danga, inda ba ya ganinta, sai ya zabura da murna yana kiran sunanta. Da ta zagayo, fuskarsa ta rufe.

Tsoho ya mayar da shi asibiti wurin lokotoro. Lokotoron ya ce ido na ganin fuskar sarai, amma bugun ya taɓa abin da ke sa zuciya ta ji cewa wannan nawa ne. Kunne kuwa hanyarsa daban. Ya ba da magani, ya ce a yi haƙuri, kuma kada a bar shi da Inde su biyu kaɗai.

Wata safiya Inde tana shara ta ji Jatau yana yi wa Tsoho magana ƙasa-ƙasa.

"Daga ruwa ta fito. Ta ɓoye Inde a wani wuri, ina jin muryarta. In na matsa wa wannan, za ta faɗi inda take."

Yana maganar yana wasa wuƙar gyaran kifi a kan dutse, a hankali, ba gaggawa.

Kafin azahar Tsoho ya ɗora Inde a moto zuwa garin Sarkin Yamma, gidan ɗiyarta Larai. Ko zane na biyu ba ta ɗauka ba.

Washegari ta kira Jatau a waya.

"Inde!" Muryarsa ta karye, har ta ji yana kuka. "Kina lafiya? Sun cuce ki?"

"Lafiya lau nake, maigida. Ka sha maganinka?"

"Na sha. Waccan ta gudu jiya, ta gane na gano ta. Ki faɗa mini inda kike in zo in ɗauko ki."

Inde ta dubi Larai. Larai ta girgiza kai.

"Ba yanzu ba," in ji Inde.

"To, kada ki damu. Na tambayi mai moto, ya ce Sarkin Yamma aka kai ta. Gobe zan bi ta can."