Ramar da Ba Ta Da Tsami

Sabuwa ta ɗora ganyen a harshenta ta tauna, tana jiran tsami. Tsami bai zo ba. Sai wani ɗaci mai ƙamshin ɓawon lemo, da danƙo da ya manne mata a yatsu.

Tun bazara take renon shukar nan a barandarsu, can saman dogon bene a unguwar Minguettes, tafiyar jirgin ƙasa daga Paris. Ɗanta Moctar ne ya zo da ita daga Paris cikin 'yar tukunya, ranar da ya dawo da jakarsa ya ce jami'a ta ba su hutu. "Rama ce, Inna," in ji shi. Ganyen kuwa mai yatsu ne, sak na ramar bayan gidansu a Maradi. Ta riƙa ba ta ruwa safe da yamma, har ta sayo ƙuli-ƙuli a shagon Maazou ta ajiye saboda ranar kwaɗo.

Hutun bai ƙare ba. Moctar yakan kai azahar yana barci, ya tashi idanu jajur, ita kuma ta ce gajiyar karatu ce. Ramar ma ta ƙi yin tsawo. Ta tsaya gajera, ta cunkushe, da sanyi ya shigo ganyenta ya rine ya koma shunayya.

*

Moctar ya fito ya same ta da kwano a hannu.

"Inna, kar ki tsinka. Ba ta ciyuwa."

"Ai na ɗanɗana. Zauna nan." Ta matsa masa a kan tabarma. "Wace ce wannan da nake yi wa hidima?"

Ya sunkuyar da kai. "Wiwi ce."

Ta ajiye kwanon. Shi kuwa sai ya shiga zuba magana.

"Ba irin ta titi ba ce, Inna. La Dormeuse ake ce mata, wato mai barci. Uwarta daga duwatsun Afganistan take, shi ya sa take gajera, ba ta tsoron sanyi. Ubanta daga Tailan, shi ya ba ta ƙamshin lemon nan. Ƙarfi gare ta. In ka sha, tunani ya kwanta, kai ma ka kwanta."

Tana kallon yadda fuskarsa ta washe. Haka yake yi yana ƙarami in yana karanta wa mahaifinsa darasi.

"Ka san uwarta, ka san ubanta," ta ce a hankali. "To jami'ar fa?"

"Sun sallame ni tun bara."

"Wane tunani kake kwantarwa, ɗan nan?"

Ya daɗe yana murza gefen tabarma. "Baba. Ya ce in zo, na ce sai na gama jarrabawa. Ina cikin jirgin ƙasa kika kira ni kika ce ya rasu."

Ta jawo kansa ta ɗora a cinyarta, ƙaton saurayi, tana shafawa har kukan da ya ƙwace masa ya lafa. Kafin ya tashi ya yi mata alkawari gobe za su je wurin likita tare.

*

Da safe ta tuge shukar da hannunta. Saiwar ta riƙe ƙasa da ƙarfi, don ta sha ruwa da kyau. Ta sa mayafi, ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ta sake ƙwanƙwasawa. Daga ciki sai numfashin barci mai nauyi.

Ta wanke hannu da sabulu, ta yi alwala, ta zauna a bakin ƙofar da mayafinta. Da ta ɗaga tafukanta za ta yi masa addu'a, ƙamshin lemon yana nan.