Daffayar Ɗakin Inna

Surukata ta sauka Alƙahira a Janairun 2003, cikin watan da Misrawa ke kira Ɗuba, wanda su kansu ke yawo a cikinsa a naɗe kamar masu jinya. Cutar yanar ido ce ta rufe mata ido biyu. Likita ya sa ranar aiki, sannan ya ɗaga mini yatsa: in tari ya kama ta, ba zai taɓa idon ba, sai a ɗaga. Inna kuwa tun a filin jirgi ta faɗa wa 'yarta cewa zuwa ɗaya ta yi. In aka ɗaga, a mayar da ita Funtuwa ta ƙarasa rayuwa da sandarta.

Sana'ata ke nan a garin, raka marasa lafiyar gida wurin likitoci ina yi musu tafinta. Karatu na zo yi tun da ƙuruciya, karatun ya gaji da ni ya sallame ni. Saboda haka a gidanmu na unguwar Hayyin Ashir ni ne masanin komai, har abin da ban sani ba.

Na tashi haiƙan na yaƙi sanyi. Tagar ɗakin Inna na cusa mata tsummoki, na bi da salatif, na kafa tsohon bargo a kai da ƙusa. Ƙarƙashin ƙofa na manna soso. Sannan na sayo daffaya sabuwa fil, wato murhun ɗumama ɗaki mai aiki da tukunyar gas, wadda a nan ake kira anbuba. Na kunna, fuskarta ta yi ja, na ja da baya ina kallon aikina. Matata Zulaihatu ta ce, "Baban Amna, ɗaki ne wannan ko tulu?" Ban kula ta ba.

Washegari da hantsi ta same ni a falo.

"Abarka ta mutu."

"Wace aba?"

"Wadda ka yi mana lacca a kanta jiya. Na kunna, ta ɗan jima ta sake mutuwa."

A nan ya kamata in bayyana yadda muke da Inna. Zulaihatu 'yar fari ce, ko sunanta Inna ba ta kamawa, sai dai "'yar nan". Ni kuwa mijin 'yar nan, gaisuwa ce tsakaninmu, ina tsugune a bakin ƙofa, kaina ƙasa. In dole ta sa na shiga ɗakin, sai in wangale ƙofa har bango, in yi abin da ya kawo ni in fice. Zama a rufe da suruka ban taɓa ko mafarkinsa ba.

Haka na wangale ƙofar na shiga, na danna, na kunna. Daffaya ta kama garau. Na tsaya a kanta har ƙafata ta yi tsami, ko gezau. Na fito na jawo ƙofa na rufe gam, na ce wa Zulaihatu matsalar ba ta daffaya ba ce, ta masu kunnawa ce.

Kafin azahar ta mutu.

Daga nan na shiga bincike. Na ce gas ɗin ne, na leƙa baranda ina jiran mai anbuba da ke zagayawa yana ƙwanƙwasa tukwane da sifana, na canjo wata. Ta mutu. Na ce kan tukunyar ne, na sayo sabo. Na shafa wa tiyo kumfar sabulu ina neman inda yake yoyo, ban samu komai ba sai tsabtataccen tiyo. Na tsokane ramin wutar da allurar ɗinkin Zulaihatu, na karya allurar. Kuma duk sa'ad da na tsaya a kanta, ƙofa a wangale, sai ta yi ta ci kamar ba ita ba.

"Tsoronka take ji," in ji Zulaihatu. "Alhamdu lillahi, an samu guda a gidan nan."

Ƙarshe na rungume ta na sauko da ita daga hawa na huɗu, na kai wa Usta Munzir, wani Basudane mai gyara a bakin titi. Ya kunna ta a ƙofar shagonsa, ya ɗora mana shayi, muka shanye, tana ci.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya ustaz," ya ce, "ta fi ni lafiya."

Na sake hawa da ita, ina hutawa a kowane bene kamar mai neman wani.

Da asubar ranar da ta biyo baya na ji abin da nake gudu. Tari ne ƙarami, busasshe, daga ɗakin Inna, ana danne shi da mayafi don kada a ji. Aiki saura 'yan kwanaki. Na zauna a kan sallaya na rasa addu'ar da zan fara.

Da hantsi na je gaisuwa, na tsuguna a wurina. Inna na zaune a kan katifa cikin barguna, sandarta a gefe. Ta amsa. Har na yunƙura zan tashi sai ta ɗaga murya, ta fuskanci bango:

"'Yar nan, ce wa maigidan ya shigo ya kunna. Ya rufe ƙofa. Ya zauna."

Zulaihatu da ke bayana ta zaro ido. Ni ma. Amma umarni ne, na shiga. Na kunna, na tura ƙofa, na zauna a can kusurwa, ina kallon yatsun ƙafata kamar yau aka ba ni su. A cikin wannan sanyi zufa ta karyo mini.

Ɗaki ya yi ɗumi, sannan ya yi nauyi. Na ji kaina ya fara sarawa, hamma na zuwa ina hadiye ta. Na saci kallon daffaya. 'Yar ƙaramar wutar nan shuɗiya da ke ƙasanta ta fara rawa, ta ɗaga daga mazauninta, sai ƙas, komai ya mutu.

Inna ba ta gani, amma ta ji ƙarar. Ta juya wajen daffayar, ta yi mata magana a hankali kamar mai lallashin jika.

"Sannu, baiwar Allah. Kullum in kaina ya fara ciwo sai ki kwanta. Ashe ni da ke abu ɗaya muke nema. Mu can da muke kwana da garwashi, ai ba ma toshe ɗaki duka." Ta lalubo sandarta, ta miƙa ta wajen tagar, ta taɓa bargona. "Aiki ne mai kyau, an sha wahala. Ko ɗan gefe guda aka sassauta, ya isa."

Ta sani tun rana ta biyu. Ta zauna cikin sanyi tana neman hanyar da za ta faɗa ba tare da ta ce wa surukinta ya yi wauta a gaban matarsa ba, har sai da tari ya tilasta ta. Kuma ko da ta faɗa, daffaya ta faɗa wa, ni dai na ji ne a bakin hanya.

Na ɓamɓare salatif, na zare tsumma biyu daga saman tagar, na cire soson ƙofa. Iska ta shigo siririya. Na kunna. Har magariba tana ci, ƙofa a rufe. Da na koma na ba Usta Munzir labari, ya dafe kai: irin waɗannan sababbin, in iskar ɗaki ta yi ƙasa, da kansu suke yanke gas don kada su kashe mutane. Wato duk kwanakin nan daffayar na ceton Inna daga hannuna, ni kuma ina tsokanar ta da allura.

Zulaihatu ta bi ta da zuma da citta, tarin ya tsaya a inda ya fara. Ranar aiki likita ya saurari ƙirjinta ya ce, "Tamam," wato lafiya lau.

Da aka cire bandejin ina tsaye a bakin ƙofa, inda na saba. Inna ta ƙifta, ta dubi hannunta, ta dubi 'yarta ta jima. Sannan idon ya zo kaina, ya sauka a kan sanƙona, karo na farko tun ina da gashi. Ta yi maza ta kawar da kai.

"'Yar nan," ta ce, "ki sama wa maigidan hula mai kauri. Shi tasa tagar a buɗe take gaba ɗaya."