Baba Ake Jira

Yayana Ikuo ya shekara hamsin yana sassaƙa 'ya'yan shogi, darar ƙasarmu mai sarki da doki da soja, a garinmu Tendo, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa yarda cewa abin da nake sayarwa littafi ne ba. Shagona na tsofaffin littattafan zane ne, manga, a lungun da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Kullum ƙarfe uku na yamma sai ya turo ƙofa, ya zauna a kujerar da ke kusa da murhu, ya sha min shayi kofi biyu, sannan ya dubi kantar littattafai ya ce, "Fusae, har yanzu dai ana sayen yaran nan masu idanu kamar faranti?" Ni kuma in ce ana saye, fiye ma da yadda ake sayen katakonsa. Haka muke tun muna yara, ba mu fasa don mun yi furfura ba.

'Ya ɗaya gare shi, Chizuru. Tun tana shekara biyar ya zaunar da ita a gaban allon shogi, yana cinye ta safe da yamma ba sassauci, wai haka ake koyo. Ranar da abin ya juya tana da shekara goma sha uku, ina gidan, ina taya uwarta ɓare wake. Yarinyar nan ta tsare masa sarki ta ko'ina. A darar tamu kuwa wasa ba ya ƙarewa don an rufe wa sarki hanya. Sai wanda aka kayar ya sunkuyar da kai ya faɗa da bakinsa, "Na sha kaye," sannan su biyun su mayar da 'ya'yan baya, su bi wasan tun daga farko, su ga inda aka yi kuskure. Ɗan shekara shida ma ya san wannan a Tendo. Yaya ya ƙura wa allon ido har wuyansa ya yi ja, sai ya miƙe ya ce ya shanya itace a waje kada ruwa ya taɓa shi. Ranar ko gajimare babu a sama. Chizuru ta zauna a durƙushe tana jiransa har ƙafafunta suka mutu, daga ƙarshe uwarta ce ta kwashe 'ya'yan ta zuba a akwatinsu.

Ba su yi faɗa ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Da sun yi, da an shirya. Sai dai daga ranar ba ta sake zama da shi a gaban allo ba, maganarsu ta koma "Kin ci abinci?" da "Na ci," ta girma, ta tafi Sendai karatu, ta yi aure can. Uwar ce mai kai saƙo tsakaninsu, ita ma shekara huɗu ke nan da rasuwarta.

A ƙarshen damina aka kawo min kwali daga Sendai, da 'yar wasiƙar Chizuru a sama. An tura mijinta aiki Brazil, shekara biyar ko fiye. Za ta zo sallama a watan Oktoba, yini ɗaya tak. Littattafan da ke cikin kwalin kuwa, "Gwaggo ki sayar ko ki bayar." Na zauna da wasiƙar a hannu ina tunanin yayana, shekararsa saba'in da huɗu, ga ƙwayoyin maganin zuciya yana sha safe da yamma. Shekara biyar ba ƙaramin abu ba ne ga mutum irinsa, tsoro ya kama ni sosai.

Labari ɗaya ne a kwalin, littafi goma sha bakwai, wanda ta fi so tana yarinya: 'yar mai gidan wanka da ta koyi shogi a wurin tsofaffin da ke zama shan iska bayan sun yi wanka, ta girma a gaban allo, kayen da ta sha ya fi cin da ta yi yawa. A sana'armu duk littafin da ya shigo sai an goge shi, a kankare gefen da ya yi ja, a share duk wani rubutun fensir. Ina cikin wannan aikin na buɗe bangon baya na littafi na tara. An zana allon shogi da fensir, gida tamanin da ɗaya, kowane ɗa a mazauninsa, da rubutun yarinya mai danna fensir da ƙarfi. A ƙasa ta rubuta, "Baba ake jira." Ni 'yar Tendo ce, kallo ɗaya na yi na gane wasan. Na ajiye abin gogewar.

Da ƙarfe uku ya yi na bar shi ya sha kofin farko, sannan na ɗaga littafi na ɗaya daga kwalin na ce, "Yaya, an ce mai zanen nan rubutun da yake yi a kan 'ya'yan shogi ya fi na masu sassaƙar garin nan kyau."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Mutanen banza. Miƙo in gani."

Ya tafi da na ɗaya, ya karanta shi da gilashin da yake sassaƙa da shi. Washegari ya dire min shi a tebur. "Wannan rubutu ne ko kaza ce ta yi tono? Dubi dokin nan, ko a kyauta ba na karɓa." Ya miƙo hannu. "Ba ni na biyu in ga ko ya gyara hannu."

Bai gyara ba, in ji Yaya, amma haka aka je na biyar, aka je na takwas. Ya fara zagin tsofaffin gidan wankan kamar maƙwabtansa ne. Sai na miƙa masa na tara. Kwana uku bai zo ba, shayina ya yi ta hucewa a buta. A na huɗu ya shigo, ya ajiye littafin a hankali, ya ce in ba shi na goma. Bai ta da zancen zanen ba, na miƙa masa.

Da ya gama na goma sha bakwai, sai ya tsaya yana shafa ƙeya. "Fusae, akwai wani irinsa?"

Shekara talatin ina jiran mutumin nan ya yi min wannan tambaya, ai kuwa na zage. Na fara ba shi na wani yaro a ƙauyen masunta da ke buga shogi ta wasiƙa da wani tsoho mai gadin fitilar bakin teku, motsi ɗaya a mako, har yaron ya zama mutum. Ya dawo da shi ya ce labarin ba laifi, amma tsohon ya mutu kafin a gama wasan, wannan ai ragwanci ne, mai zanen ya gudu ne. Na ba shi na 'yan mata uku masu buga wata dara da ake kira go a makarantar da za a rufe. Ya ce dara ce wannan, duwatsu baƙi da fari, ko rubutu babu a kansu? Amma ya karanta shida a kwana biyu, ya kuma tambaye ni ko ta tsakiyar ta samu shiga jami'a. Na ba shi na wasu 'yan'uwa biyu maza, ƙanen ya fi wan iyawa. Wannan ya daɗe a wurinsa. Da ya kawo shi sai ya ce, "Wan nan ya cika surutu. Shafi huɗu yana ba da haƙuri. Wa yake magana haka?"

Saura mako guda Chizuru ta zo, ya sake cewa ko akwai wani. A nan ne haƙurina ya ƙare.

"Yaya, ka bar jaki kana dukan taiki. Littafi arba'in ka karanta a wata biyu, kai da ko jarida sai shafin shogi kake dubawa. Me kake nema?"

"Karatu nake yi. Laifi ne?"

"Ƙarya kake. Ka ga bangon na tara."

Ya juya kofinsa a kan tebur, ya sake juyawa. Na zaci tashi zai yi ya ce ya shanya itace. Sai ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Ba na buƙatar zanenta. Ina da shi a ka. Duk safiya in ina wasa wuƙaƙe sai na duba shi, ko akwai wata hanya da sarkin nan zai bi."

"Akwai?"

"Babu. Tun ranar na san babu." Ya share baki da bayan hannu. "Na ɗauka a cikin littattafan nan naki akwai inda aka zana yadda tsoho yake yi, in ya bar abin ya daɗe haka. Duk wanda na buɗe, nan take suke faɗa. Ba wanda ya kai shekara goma sha tara."

Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina, amma ban sassauta ba, don na san halin kayana. Na ce, "Babu shi a kanta, Yaya, kuma ba za a zana ba, don ba a taɓa yin mai taurin kai irinka ba. Kalma uku ce. Yaran firamare ma suna faɗinta suna kuka, su share majina su sake jera allo."

"Ke dai bakinki ba ya mutuwa."

"Gado ne. Sha shayinka."

Ranar ta zo. Na je gidansa tun da safe na ɗora miyar gwaza da naman sa, irin wadda muke yi in kaka ta kama, wadda Chizuru ke so. Ta iso da jirgin sha ɗaya, za ta koma da na huɗu. Ta rungume ni, ta gaida uban a tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Kin iso?" ta ce, "Na iso." Ta wuce ɗakin ciki don ta kunna wa hoton uwarta turare, sai na ji takunta ya tsaya cak.

Allon yana tsakiyar ɗaki, matasan zama biyu suna fuskantar juna. Ba jerin farkon wasa ba ne. Kowane ɗa yana inda aka bar shi, har kamammun da ke gefe. Ta daɗe tana kallo, sannan ta waiwayo ta dube ni. Ni kuwa na mai da hankali kan ludayin da ke hannuna kamar yau na fara ganinsa.

Yaya ya zo ya durƙusa a nasa gefen, gwiwoyinsa suna ƙara. Chizuru ta ajiye jaka, ta tattara siket ɗinta, ta durƙusa a ɗaya gefen. Mace mai shekara talatin da biyu, amma yadda ta ɗora hannuwa a cinya, yarinyar nan ce sak. Ya kalli allon ya kalli allon, wuyansa ya fara ja, ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa da ludayi, na rantse a raina in ya ce zai tashi sai ya bi ta kaina.

Ya ɗora hannun dama a gefen allon, ya sunkuya har na ga tsakiyar sanƙonsa.

"Na sha kaye."

Ta sunkuya ita ma, ta ce, "Na gode da wasa," yadda ake faɗa. Ba ta ɗago da wuri ba. Da ta ɗago fuskarta jiƙe take sharkaf, tana dariya. "Baba, shekara goma sha tara kana tunanin motsi ɗaya? Da a gasa ne ai da tuni alƙali ya kore ka."

"Ina tabbatarwa ne," in ji shi, yana jan hanci. "To, mayar da su baya. A ina na ɓata?"

Ta nuna ɗan da ake kira azurfa. "Wurin azurfar nan. Ka yi gaggawa."

"Azurfar lafiyarta ƙalau. Dokin ne."

"Haba Baba, ko ka janye dokin ta nan zan biyo maka."

"Ta ina? Nuna min."

Hannayensu suka shiga allon tare, nasa mai kanta da nata, suna mayar da 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya manta ko motsi guda. Na koma kicin na yi kukana a kan tukunya, na ƙara gishiri ban ɗanɗana ba. Sau biyu ina leƙowa in ce abinci ya nuna, sau biyu suna ce min "Yanzu" ba tare da sun ɗago ba.

Wajen uku da rabi na ce, "Chizuru, jirginki fa."

Ta dubi agogon bango, ta dubi uban. Shi kuwa ya kafe idonsa a kan allo, yana riƙe da ɗan soja guda a tsakanin yatsu, bai ajiye ba.

"Gwaggo, akwai na safe," ta ce. "Ko rabi ba mu kai ba. Baba, ajiye shi mana, kai ake jira."