Gadon Bi Mwatima a Kan Teku

Makame na ɗaure jarka ta ƙarshe a ƙafar gadon, masunta suka ajiye ɗinkin komarsu suka zagaye shi.

"Dattijo, tafiya za ka yi ko barcin rana?"

"Ku dai ku kama mini mu tura."

Makame ba ya iya wuce abin da teku ta tofar. Jarkoki, warin silifas, gorunan roba, guntayen igiya, duk gida yake kaiwa, wai wata rana za su yi amfani. Ranar da matarsa Bi Mwatima ta tarar da jarkoki jere a kan gadon aurenta, ta yi yaji zuwa tsibirin tsallake, gidan ƙaninta Shaame. Saƙo ɗaya ta aiko: a kawo mata gadonta. Jirgin fiton kuwa na Shaame ne, shi kuma ya rantse zai ɗauki gado amma ba zai ɗauki mijin ba.

Makame ya san in gadon ya tafi shi kaɗai, auren ya tafi ke nan, shi ko yana son matarsa. Sai ya kwashe tarkacen gidan kaf ya ɗaure a ƙarƙashin gadon, ya kafa gora ya rataya labulen ɗaki don iska. Farantin cin shinkafa ya zama abin tuƙi.

Aka yi bisimilla aka tura. Gadon bai nutse ba, abin da ya ba masunta haushi. Sai dai juyi yake ta yi, rabin hanya da baya Makame ya yi ta, silifas na kwancewa suna bin sa a layi kamar 'ya'yan agwagwa. A tsakiyar ruwa Shaame ya zo wucewa da fasinja.

"Yaya, a kawo maka shayi a gado?"

"Allah ya shirye ka, Shaame!"

La'asar ta yi kafin igiyar ruwa ta watsa shi bakin gaɓa, jiƙe sharkaf. Bi Mwatima na shanya ciyawar teku. Ta dubi gadon, ta dube shi.

"Baban Zuhura, duk kayan ne nan?"

"Duka. Ko murfi ban bari a gida ba."

Ta shiga ruwa har gwiwa da wuƙarta, ta bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya tana yankewa. Jarkoki suka kama hanyar teku. Makame ya bi su da kallo, har da wata shuɗiyar jarka da babu irinta.

"To da me zan koma?"

"Wa ya ce ka koma? Kama can mu kai shi ya bushe."

Ya kama ƙafafun baya. Suna hawa tudu, shuɗiyar ta dawo ta dungure shi a dunduniya. Ya dubi ƙeyar matarsa, ya sa ƙafa ya tura ta ruwa.