Shirun Gigmai a Cikin Bilum

Da Kawage ya san shirun jariri ya fi hakinsa haɗari, da bai kula mutanen bakin hanya ba a ranar nan.

Ɗansa Gigmai bakwaini ne. Uwarsa Dilu ta rasu wajen haihuwarsa, matar wan Kawage ce ke ba shi nono. To sai tari ya kama shi ana tsakiyar tsinkar kofi, kowa na gona, gidan ba motsi sai aladu. Kawage ya dubi ƙirjin yaron yana faɗawa yana tasowa, ya ga ba zai iya jiran yamma ba. Ya ɗauko bilum ɗin marigayiyar, jakar ragar da ta saƙa tun tana da cikinsa, ya shimfiɗa zane, ya kwantar da yaron. Ya rataya igiyar a goshi kamar yadda mata ke yi, ya kama gangara zuwa asibitin mishan da ke tsallaken rafi.

Haka ya yi ta tafiya yana jin hakin yaron a gadon bayansa, ɗumi-ɗumi, da sauri kamar na ɗan tsako. Ba daɗi, amma yana jin sa.

A mararraba ya iske maza suna karta a gindin rumfa, bakinsu ja da goron buwai.

"Mama Kawage, kasuwa za ki?" in ji Waim, abokin wasansa.

"Ku bar ta, kun ga goshin ya karɓi igiya. Saura zani, 'yar'uwa," in ji wani daga cikinsu.

Aka kwashe da dariya. Ba mugunta suke nufi ba, ba su ma san yaron ba lafiya ba. Kawage ya yi murmushin yaƙe, ya wuce. Amma yana shan kwana ya sauke igiyar daga goshi ya maida ta kafaɗa, irin ratayar maza. Jakar ta koma lilo a gefen cinyarsa, nesa da fatarsa.

Can ya lura hakin ya daina zuwa kunnensa. Ya ce a ransa, iskar gangara ce ta karɓe shi, ya samu barci. Har ya rage sauri don kada ya tashe shi.

Wata tsohuwa mai gasa dankali a bakin gada ce ta tare shi.

"Ɗana, wa ya koya maka riƙe jariri kamar buhun kabeji? Kawo in gani."

Ta buɗe bakin jakar. Leɓen Gigmai ya yi shuɗi, ƙirjinsa ba motsi. Ta fizgo shi, ta murza bayansa, ta ɗalli tafin ƙafarsa. Yaron ya ja wani numfashi mai ƙara, ya yi kuka siriri.

"Manna shi a ƙirjinka ka ruga. In ya yi shiru, ka tsokane shi."

A asibiti Sista Beata ta sa wa yaron robar iska a hanci, ta yi masa allura. Sai da ta ga launinsa ya dawo sannan ta juyo.

"Sista, ni na ɗauka sauƙi ya samu," in ji Kawage. "Mai ciwon ƙirji ai haki yake."

Ta kama yatsan Kawage ta ɗora masa a gefen wuyansa, ƙarƙashin muƙamuƙi.

"Baba, nan akwai wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar shinkafa. Aikinsa ɗanɗana jini. In iska ta yi ƙaranci sai ya aika wa ƙwaƙwalwa, ja numfashi. To in cuta ta shiga, sojojin jini na sakin wasu sinadarai don kiran 'yan'uwansu yaƙi. Sinadaran nan suna taɓa ƙullutun, suna isa ƙwaƙwalwa. Kai babba sai ka yi ta haki, jikinka ya mutu, ka ƙi abinci. Bakwaini kuwa, wani sa'in saƙon ya rikice, ya daina jan numfashi gaba ɗaya."

"Da ina jin sa a bayana fa?"

"Da ka ji lokacin da ya tsaya."

Ta tafi wajen wata mai naƙuda.

Ɗakin da aka kwantar da yaron duk mata ne, kowace da 'yar'uwarta ko uwarta, suna rarraba dafaffen ganye suna hira ƙasa-ƙasa. A dangin Kawage ba wanda ya san yana nan, 'yan gidansu ma sai sun dawo daga gona. Ya zauna a ƙasa, ya zura hannu ta ƙarfen gado, ya ɗora tafinsa a kan cikin yaron. Duk sanda ya ji jinkiri sai ya sosa masa tafin ƙafa.

Da Sista ta sake zagayowa ya tambaye ta ko shirun nan ya taɓa wa yaron kai.

Ta ce ƙirjin tana sa ran zai warke. Sauran kuwa ba ta sani ba. Ba wanda ya san tsawon lokacin da Gigmai ya yi ba numfashi tsakanin mararraba da gada, likitoci ma har yanzu ba su gane abin da ya sa wani jariri ke tsayawa wani ya ci gaba ba. Ko ya bar masa lahani, sai ya kai lokacin zama da magana za a gani.