Waken da aka ɓarza a Damari

Kwana uku Malam Rabo bai sa komai a cikinsa ba sai ruwa. Ɗansa Abdulkarim, sabon ma'aikaci a Kaduna, ya iso Damari da tsarabar shekarar ƙarin albashin Udoji: madarar gwangwani, kifin gwangwani, da shinkafar ƙasar waje. Ya jera su a gaban tsohon yana zaton ya kawo lafiya a kwali. Malam Rabo ya sunsuna kifin, ya juya fuskarsa ga bango.

Mota ɗaya ce ke zuwa Funtuwa, inda asibiti yake, kuma ranar kasuwa kaɗai. Da ranar kasuwar ta zo, Lawwali direba ya leƙo da hantsi, ya ce hanyar ta lalace, ba zai ɗauki wanda ba ya iya zama da kansa ba. Bayan azahar zai tashi.

Abdulkarim ya tsaya a tsakar gida, yana jin karatunsa na jami'a ya zame masa kayan ado. A nan Gwaggo Mairo, yayar mahaifinsa, wadda sanyin ƙashi ya nannaɗe wa yatsu, ta kira shi. Ta ce tun suna yara, in ƙanenta ya ƙi abinci, miyar wake ce ke dawo da shi. Ya ce ai wake yana cin wuni kafin ya nuna.

"Wannan a littahi ka gani? Tuɓe agogon, ɗan boko, ka durƙusa ga dutse."

Ya durƙusa da wandonsa mai guga. Ta sa shi ya ɓarza waken a dutsen niƙa, kada ya mai da shi gari, ya sheƙe ƙaiƙayin, ya zuba a tafasasshen ruwa da ɗan jiƙon kanwa. Da ya miƙa hannu ga gishiri ta buge shi da mara, wai sai waken ya faɗa. Daddawa ta biyo, da tarugu guda, da manja. Ya burga tukunyar, hayaƙi na cin idonsa, har miyar ta yi kauri.

Ƙamshin ya riga shi shiga ɗaki. Ya tarar da tsohon ya juyo. Cokali na farko ya daɗe a bakinsa. A na biyar ya karɓi ƙoƙon da hannunsa, ya jingina da bango ba wanda ya tallafe shi.

"Kanwa ta yi yawa," in ji shi. "Ƙaro."

Da Lawwali ya danna ham, Malam Rabo ya taka har bakin mota yana dafe da kafaɗar ɗansa. Abdulkarim ya koma da sauri, ya tsuguna a gaban Gwaggo. Sai kawai ya riƙe yatsunta. Ta janye, ta miƙa masa sauran miyar a langa, ta ce ya riƙe da kyau a ramukan hanya.